Ina so motata ta ɗan tsuguna, amma na ɓoye wa maiɗakina gaskiyar maganar

Malam, barka da ƙoƙari. Shekarata 31, ina da mata da 'ya ɗaya. Bara Allah ya hore mini na sayi motata ta farko, 'yar ƙarama mai ƙofa huɗu, ƙirar 2009, ta hannu, yanzu ta ci kilomita 168,000. Ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Damuwata ita ce ratar da ke tsakanin taya da madigadi. Duk na ajiye ta na waiwayo sai in ga kamar ta tattare wando za ta tsallake ruwa. Tun ina yaro nake son mota mai ƙasa-ƙasa, wadda ta zauna daram a kan tayoyinta.

Wata bakwai ina tara kuɗi. Da na tambaya, sai na tarar iyakar abin da na tara ya sayi sifirin huɗu na kamfani mai suna, ba shokozoba, ba kuɗin aiki. Abokina ya ce wannan asara ce, a yanke zagaye biyu a sifirin ɗin da ke jikin motar a wuce wurin, haka ya yi wa tasa kuma tana yawo. Bakanikena kuma ya nuna mini wani saitin koyiloba, wato sifirin da shokozoba a haɗe, a wayarsa, ƙafa huɗu, babu sunan kamfani, kuɗinsa daidai da abin da ke hannuna. Ya ce da shi zan sauke motar har santimita 8 in na ga dama.

Ga inda nake jin nauyi. Na ce wa maiɗakina shokozoba ce ta mutu, shi ya sa nake tarin. Ta yarda, har ta haƙura da wasu buƙatunta ta ƙara mini. Sannan duk wata ni nake kai mahaifina asibiti a motar nan, yana fama da ciwon baya. Wanne zan yi a cikin ukun nan? Kuma in gaya mata ko in yi shiru, tunda da wuya ta gane bambancin?

Daga wani mai karatu

Ƙanena, abin da na fara lura da shi a wasiƙarka shi ne ba ka sayi komai ba tukuna. Wanda kuɗi ke hannunsa bayan wata bakwai yana tari, amma ya tsaya ya yi tambaya, bai makara ba. Son mota ta yi kyau a ido ba abin kunya ba ne. Kai ka sha wahalar sayenta, kai kake wanke ta. Ratar nan kuwa da gangan kamfanoni ke barin ta, don motar ta ɗauki mutum biyar da kayansu ta bi kowace irin hanya, mai waiwaye ba ya cikin lissafinsu. Ba zan hana ka sauke ta ba. Zan dai rage maka santimita 8 ɗin nan zuwa 3, in kuma nuna maka dalilin da ya sa aka ce araha ba ta ado.

Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke ƙayyade tsayinta. Aikin shokozoba kuma ta kwantar da sifirin in ya motsa, kada motar ta yi ta rawa bayan ta wuce rami. Tare aka auna su, kamar ƙafa da takalmi. Sandar shokozoba tana da iyakar tafiyar da za ta yi sama da ƙasa, kuma duk milimitar da ka sauke motar, daga cikin tafiyar nan ka cire ta. In ka cire da yawa, motar za ta koma zama a kan robar da aka sa a matsayin matsaya ta ƙarshe, kowane ɗan tudu ya shigo kujera kai tsaye. Ka kuma tuna ƙananan motoci irin taka galibi tazararsu da ƙasa santimita 13 zuwa 15 ce, babu kowa a ciki. Cire 8, ka zuba mutum huɗu, sannan ka tambayi kanka me zai fara taɓa tudun rage gudu. In ka yi sa'a bamba ce ko salansa. In ba ka yi ba, kwanon man inji ne, kuma injin da mansa ya tsiyaye a hanya ba ya daɗewa.

Abokinka ba ƙarya ya yi ba, motarsa tana yawo. Yanke sifirin yana sauke mota, shi ya sa dabarar ta daɗe a duniya. Amma ga abin da bai gani ba. Taurin sifirin ya danganta da yawan zagayen da ke aiki. In shida ne ka yanke biyu, taurinsa ya ƙaru da rabi, a kan shokozobar da aka auna wa mai laushi, wadda kuma ta tsufa. Daga nan tsalle-tsallen nan yake fitowa, wanda kake ganin irin waɗannan motoci suna yi ko a kan kwalta mai kyau. Sannan bakin sifirin an lanƙwasa shi ne ko an daddale shi don ya zauna cif a mazauninsa. Ka yanke, ya rasa wurin zama. Mafi muni, sifirin da ya gajarce yana iya sakin jiki gaba ɗaya lokacin da taya ta rataya, misali motar ta faɗa rami ko ta hau tudu da gudu. A bayan ƙananan motoci da yawa sifirin daban yake zaune, shokozoba daban, ba abin da ke riƙe shi sai matsin da yake ciki. Ya saki, ya goce ko ya fice. A gaba kuma bakin da aka yanke yana dab da gefen taya. Masu gasa sifirin da wuta har ya lotsa sun fi kowa ɓarna, domin zafi yana kashe horon da aka yi wa ƙarfen, ya ci gaba da lotsawa har ranar da zai karye. Ka gode wa abokinka, ka bar masa dabararsa. In kana ƙaunarsa ma, ka ce ya ɗaga motarsa a jak ya girgiza sifirin na baya da hannu ya ga ko yana motsi.

Maganar bakanikenka ta fi kama hankali. Koyiloba sifirin ne da shokozoba a haɗe, jikinta da zare kamar na noti, ana murɗa mazaunin sifirin sama ko ƙasa a saita tsayi. In ta ƙwarai ce ta fi kowace hanya, saboda tare aka auna sifirin da shokozobar, aka kuma gajarta jikin don motar da aka sauke. KW da Bilstein na Jamus suna yi, Tein na Japan, BC Racing na Taiwan, akwai kuma ST, ƙanin KW mai sauƙin kuɗi. Amma ko mafi arahar waɗannan ta fi sifirin huɗu tsada nesa ba kusa ba. To in wani ya ce zai ba ka sifirin huɗu da shokozoba huɗu a kuɗin sifirin kaɗai, sai ka tambaya a ina ya rage. Galibi a cikin shokozobar ne, inda ido ba ya kaiwa: bawul, da mai, da sil. Sukan sa sifirin mai tsananin tauri don kada motar ta daki ƙasa, shokozobar kuma ba ta da ƙarfin riƙe shi. Za ka ga an rubuta ana saita ta hawa 24 ko 32, ka murɗa daga farko zuwa ƙarshe ka rasa bambancin kirki. Zaren ya yi tsatsa ya kafe. Ranar da ƙafa ɗaya ta fara yoyo kuwa, ba ka da wanda za ka nema.

Ba na zargin bakanikenka da cuta. Mai yiwuwa ya dubi abin da ke hannunka ne ya nemo abin da zai shiga ciki. Ka yi masa tambaya uku cikin ladabi: nawa ne taurin sifirin na gaba da na baya, wa zai karɓa in ta lalace, kuma akwai motar da ya ɗaura wa irinta shekara guda da ta wuce da za ka shiga ka ji? In ya amsa da kyau a saurare shi. In ya ce ai duk ɗaya ne, to ka san inda aka dosa.

Me ya sa na kafe a kan santimita 3? Gaban kusan duk ƙananan motocin zamanin taka tsarin MacPherson ne: shokozoba a tsaye da sifirin a kanta, sai hannu ɗaya a ƙasa, wanda kanikawa ke kira lowa'am. A tsayin kamfani hannun nan yana kwance ko ya ɗan gangaro wajen taya. Ka sauke motar kaɗan, nauyinta ya matso ƙasa, sifirin ya ɗan ƙara tauri, sai ka ji ta rage kwanciya a kwana. Ka zarce, hannun ya juya yana kallon sama, motar ta koma neman kwanciyar da ka gudar mata, tarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya karkace har taya ta riƙa juya kanta duk ta hau tudu, sitiyari yana fizga a hannunka. Shaf ma, sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya, a karkace zai riƙa aiki, robarsa ta yi saurin yagewa. A ido kuwa, santimita 3 ta fi yadda kake zato. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka ɗauki tef ɗin awo ka auna daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi a ƙafa huɗu, ka rubuta. Sannan ka liƙa takarda mai kalar motar ta sauko santimita 3 daga bakin madigadin, ka ja da baya ka kalla.

Saboda haka abin da ka fara tambaya, sifirin huɗu na kamfani mai suna, shi ne hanyar. Eibach yana da wanda yake kira Pro-Kit, H&R yana da na Sport. Galibi suna sauke mota tsakanin milimita 25 zuwa 40, an yi su da ɗan ƙarin taurin da zai rama tafiyar da aka rage, kuma tsawonsu ya isa su zauna a matse ko taya ta rataya. Ka zaɓi wanda ya fi kusa da 30. Amma kada ka ɗora su a kan shokozobar da ta ci kilomita 168,000, kuma a nan ne wasiƙarka ta ɗan ba ni dariya. Ƙaryar da ka yi wa maiɗakinka, ta yiwu gaskiya ce ba ka sani ba. Masu ƙera shokozoba suna cewa a sa mata ido daga kilomita 80,000. To, masu sayarwa ne, dole su faɗi haka, amma taka ta ninka wannan in ba a taɓa canza ta ba. A hankali shokozoba take mutuwa, direba ya saba bai ankara ba. Ka sa a ɗaga motar a duba. Mai yana tsiyaya a jikinta? Tayoyin sun ci ba daidai ba, nan tudu nan kwari? In ka taka birki hancin motar yana nutsewa? In ka danna kusurwa ka saki, tana dawowa ta tsaya ko sai ta yi lilo? Shokozobar da ta gaji tana ƙara nisan tsayawar birki a hanya mai gargada, don taya ba ta manne da ƙasa. Wannan gyara ne na dole, ko za ka sauke mota ko ba za ka sauke ba.

Sai dai kada ka ce na wanke ka. Ko an duba an tarar duk huɗun sun mutu, lokacin da ka gaya mata ba ka san haka ba. Abin da ka sani shi ne kana son motar ta tsuguna, kana kuma tsoron ta ce a'a. Ita kuwa ta haƙura da abin da take so saboda ta ɗauka lafiyarku ce a hanya. Ka ce da wuya ta gane. Ƙanena, macen da ke shiga motar nan kullum, ranar farko da bamba ta gogi ƙasa za ta gane, in ma abokinka bai riga ya yi maka barka a gabanta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar ba a kan sifirin maganar za ta tsaya ba, sai ta fara tuno sauran abubuwan da ka taɓa gaya mata tana auna su.

Ka gaya mata kafin ka taɓa kuɗin. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce: na gaya miki shokozoba ce, gaskiyar ita ce rage wa motar tsayi nake so in yi don haka take burge ni, nauyin faɗa miki na ji, ki yi haƙuri. Kada ka kawo zancen cewa ai shokozobar ma ta gaji a wannan zaman, zai zama kamar kana kare kanka. Ka bar shi sai an duba, in da hali tana wurin ta gani da idonta. Sannan ka raba kuɗin gida biyu a gabanta. Abin da ta sa nata ne: ko ya koma hannunta, ko ya tafi gyaran da ya shafi kowa in ta amince. Sifirin na kwalliya daga naka tarin zai fito. Tana iya yin fushi na kwana biyu, kuma tana da gaskiya. Tana iya tambayar abin da bai zo maka a rai ba, kamar ko 'yarku za ta riƙa farkawa a kujerar baya. Ka faɗa mata yadda abin yake: motar za ta ɗan ƙara tauri, za ka riƙa lallaɓawa a tudu, in an cika ta da mutane da kaya bayanta zai matso ƙasa. In ta ce a jira sai an biya wata buƙata, ka jira. Motar ba za ta ƙara tsawo kafin nan ba.

Mu koma kan ƙarfe. Akwai shokozoba mai maye gurbin ta kamfani, irin KYB Excel-G ko Bilstein B4 ko Sachs. In saukewar ba ta wuce milimita 30 ba za ta yi aiki, sai dai ba za ta yi tsawon ran da za ta yi a tsayin asali ba. Akwai kuma waɗanda suka fi dacewa da gajeren sifirin: Bilstein B8 an gajarta ta musamman don wannan, Koni kuma yana da STR.T da Sport. Sun fi tsada. In aljihu ya matse, sabuwar shokozoba ta gama-gari daga sanannen kamfani da sifirin na milimita 30 sun fi mini koyiloba marar suna. B8 dai ba a haɗa ta da dogon sifirin na asali, kada ka saye ta da niyyar ɗaurawa yanzu sifirin ya zo daga baya.

Lissafin aikin gaba ɗaya za ka yi. Bayan sifirin da shokozoba akwai kan shokozobar gaba, robar nan mai boris a ciki da ƙafar ke juyawa a kanta. Tunda an kwance, a canza ta. Akwai robar matsaya da wadda ke rufe sandar daga ƙura, waɗanda a motar 2009 da wuya ba su ƙeƙashe ba. Akwai kuɗin aiki. Akwai alayimen, wato daidaita saitin tayoyi, wanda mutane suka fi tsallakewa. Sauke mota yana sa saman tayoyi ya karkata ciki, abin da ake kira kamba, yana kuma canza inda tayoyin ke kallo. Na biyun ne mai cin taya. 'Yan milimitoci sun isa su cinye gefen ciki na sabbin tayoyi cikin watanni, kai kana kallon waje kana cewa lafiya lau. Wanda ya tsimi kuɗin alayimen ya ƙare da sayen taya biyu, tsugune ba ta ƙare ba. Ka kuma leƙa bayan motarka. In ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin baya, kamar yawancin Corolla na shekarun nan, saukewa ba ta cika taɓa kambar baya ba. In hannaye da yawa ne, kamar Golf na biyar da na shida, bayan ma sai an saita.

Tunda abin hannunka bai kai duka ba, ka riƙa saye kana ajiyewa, a ɗaura rana ɗaya. Ɗaurawa sau biyu kuɗin aiki biyu ne da alayimen biyu, don sai an sake kwance gaban duka. Sai fa in dubawa ta nuna shokozoba tana zubar da mai sosai. Nan kam gyara ba ya jiran kwalliya, a sa sabuwa yanzu, sifirin ya biyo baya ko bayan shekara ne.

Wajen saye kada ka ce na mota kaza kawai. Mota ɗaya tana iya samun sifirin iri-iri gwargwadon nauyin inji da giya da siffar jiki. Na mai dizal daban, na mai fetur daban. A wasu Golf ma kaurin shokozobar gaba iri biyu ne, milimita 50 da 55. Ka tafi da lambar casis, ka nemo lambar kayan a kundin kamfanin da kansa, ka gwada da wadda aka buga a jikin sifirin. Akwai jabu, kuma jan fenti ko shuɗi ba shaida ba ne. Kayan Jamus da yawa suna zuwa da takardar gwajin TÜV, masu duba lafiyar motoci a can. In kwali ya zo da ita kuma lambobin sun yi daidai, hankali ya fi kwanciya. Sifirin na hannu na kamfani mai suna hanya ce ta gaske ta rage kuɗi, muddin lambar tana karantuwa, fentin bai fashe ba, ba tsatsa mai zurfi, ba alamar yanka ko wuta. Shokozoba ta hannu kam a'a, ba ka ganin cikinta. Milimitocin da aka rubuta a kwali kuma daga tsayin sabuwar mota aka auna su. In sifirin ɗinka sun riga sun ɗan lotsa da tsufa, saukar da za ka gani ba za ta kai haka ba.

Akwai wata hanya da ba ka ambata ba. Wani lokaci ƙaramin rim da taya mai kumburin gefe ne ke ɓata wa ido rai. Taya 195/65 a rim 15 da taya 205/55 a rim 16 kusan tsayinsu ɗaya, kimanin milimita 635 da 632, don haka ratar ba ta ragu ba, amma motar takan fi cika ido, agogon gudu kuma bai ruɗe ba. Sai dai taya mai siririn gefe ita ma tana ƙara tauri. Kada ka haɗa rim 17 da gajeren sifirin a motar da ke ɗaukar mai ciwon baya.

Maganar Baba kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ita ta fi tsaya mini a rai. Abu biyu ke wahalar da mai ciwon baya a mota: girgiza, da shiga da fita. Santimita 3 ba za ta hana shi fita ba. A 8 kuwa sai ya riƙa dafa ƙofa yana cije leɓe, kuma ka san iyaye, ba zai ce maka komai ba, sai dai ka ji ya ce wannan watan zai nemi wata motar kada ya ɗora maka wahala. Game da girgiza, in shokozobarka ta yanzu ta gaji tana lilo, sabuwa mai kyau tana iya sa ya fi jin daɗin motar, ko da sifirin ya ɗan ƙara tauri. Ka nemi irin sifirin da yake da laushi a farkon dannawa ya yi tauri daga baya. Za ka gane shi da zagayen da tazararsu ba ɗaya ba. Kafin ka biya, ka nemi mai irin motarka da irin sifirin ɗin, ka zauna a kujerar baya ku bi hanya marar kyau. Direba yana riƙe da sitiyari yana jin daɗin motarsa, na baya shi ke shan duka.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. Sifirin na gaba a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fasa fuska, sai da ƙarfen matse sifirin na ainihi ake kwance shi, ban da igiya ko waya. Notocin da suka ratsa bushin na roba kada a ɗaure su tamau sai motar ta sauka ta zauna a kan tayoyinta. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar ba abin da ke gogar taya ko jan tiyon birki. A daidaita tayoyin gwargwado a ranar, ka yi sati ɗaya ko biyu kana tafiya sifirin ya zauna, sannan a yi cikakken alayimen a kan na'ura, ka karɓi takardar. A duba saitin fitilun gaba, don in gaba da baya ba su sauka daidai ba, ko ka riƙa kashe wa mutane ido ko ka riƙa haska ƙasan bamba. In kana da inshora ka sanar da su, domin canjin da aka ɓoye yana iya zama dalilin ƙin biya, ka kuma duba abin da dokar inda kake ta ce kan rage tsayin mota.

Tsofaffin sifirin ɗin kada ka bar su a gareji. Ka ɗaure su biyu-biyu, ka rubuta na gaba da na baya, ka ajiye. In wata ya zagayo ka ɗauki Baba zuwa asibiti, ka kalli fuskarsa ta madubi lokacin da kuka hau tudu na farko. In ka ga ya dafe kujera, ka san inda ka ajiye su, mayar da su aikin rabin yini ne.